TSARA TURBAR ƘAFA DA KEKE TA CIKIN GARIN GEFEN BIRNI: MISALIN SAMMAMISH A ƘASAR AMURKA

Gabatarwa

Tun lokacin da mota ta yawaita a manyan biranen duniya, mai tafiya da ƙafa da mai keke suka koma 'yan rakiya a bisa titi. Titi ya zama na mai inji, su kuwa sai raɓe-raɓe a gefe, rai a hannun Allah. Wannan shi ya sa hukumomin waɗansu ƙasashe suka shiga keɓe musu hanyoyi na kansu, inda mota ba ta shiga. Shata irin wannan hanya a bisa taswira abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da hanyar ta iso garin da mutane suka riga suka gina gidajensu, kowane taƙi na ƙasa yana da mai shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana matakan da masu tsara gari kan bi, da matsalolin da sukan ci karo da su, idan za su ratsa da irin wannan hanya ta cikin garin da ke gefen babban birni. Domin kada bayanin ya zama shaci-faɗi, za mu riƙe misali guda ɗaya, watau turbar gabashin tafkin Sammamish a jihar Washinton ta Amurka, wadda tsawonta mil 11 ne kacal, amma aka shekara 25 kafin a ga ƙarshen aikinta.

Bayanin Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce turba. An zaɓe ta a nan a kan titi ko gwadabe, domin a kunnen Bahaushe titi na mota ne, gwadabe kuwa babbar hanya ce ta kowa da kowa, har da dabbobin kaya. Turba ita ce ta fi kusa da hanyar da sawu ya fitar. Abin da ake nufi da turbar yanki shi ne doguwar hanya ta ƙafa da keke wadda ta haɗa garuruwa da dama ba tare da ta yanke ba. Mai karatu zai fi saurin gane ta idan ya tuna da burtali. Amfanin burtali duka yana ga ɗorewarsa. Ran da manomi ɗaya ya shuka gero a tsakiyarsa, ya kashe shi baki ɗaya, ko da sauran tsawonsa na nan lafiya lau. Haka turbar yanki take.

Kalma ta biyu ita ce garin gefen birni. Wannan gari ne mai majalisarsa da dokokinsa, amma yawancin mazaunansa a babban birni ko a wani gari na kusa suke neman abinci, su fita da safe su komo da yamma. A Amurka irin waɗannan garuruwa sun bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an tsara su ne bisa zaton kowane gida yana da mota. Gidaje a warwatse suke, kowane da farfajiyarsa. Lungunan unguwa da yawa ba su ɓullewa. Kasuwa da makaranta da wurin aiki suna nesa da juna, manyan tituna ne kaɗai suka haɗa su. Saboda haka yaron da makarantarsa ba ta fi mil ɗaya daga gida ba, sai ka ga ba shi da hanyar zuwa sai an ɗauke shi a mota.

Sammamish gari ne irin wannan. Yana gabas da birnin Siyatil, tsakanin garin Redmond ta arewa, inda hedkwatar kamfanin Microsoft take, da garin Issaquah ta kudu. Bai sami majalisar kansa ba sai a 1999, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura 67,000. Yawancin garin a kan tudu yake, tafkin kuwa yana ƙasa ta yamma da shi.

Asalin Al'amarin

Mataki na farko ga mai tsara turba shi ne neman zirin ƙasa, watau fili siriri mai tsawo wanda ba a gine shi ba. A garin da ya riga ya cika, irin wannan fili ba ya wuce iri huɗu: bakin kogi ko magudanar ruwa, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen babban titi, da tsohon layin dogo. A cikinsu layin dogo ya fi kowane daɗin aiki. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka da wuya hawan layinsa ya wuce ƙafa 2 ko 3 a cikin kowace ƙafa 100. Ga shi an riga an yi ciko, an gina gadoji, an fitar da hanyar ruwa. Bugu da ƙari, layin dogo yakan bi ta tsakiyar garuruwa, domin da ma shi ya raya da yawa daga cikinsu.

Amurka kuwa tana da tsofaffin layuka birjik. A 1916 tsawon layukan dogonta ya kai wajen mil 254,000, amma da mota da jirgin sama suka ƙwace fasinja da kaya, sai kamfanoni suka yi ta watsar da layukan da ba su kawo riba. Wata malamar ilmin tsirrai mai suna May Theilgaard Watts tana cikin waɗanda suka fara hango amfanin waɗannan kufai. A 1963 ta rubuta wasiƙa a jaridar Chicago Tribune tana kira da a mai da wani mataccen layin jirgin lantarki, wanda ya ratsa garuruwan da ke yamma da Shikago, ya zama turbar ƙafa. Masu aikin sa kai suka amsa kiranta, aka sami turbar da ake kira Illinois Prairie Path, mai tsawon kimanin mil 61. A Siyatil ma, a 1978 aka buɗe mil 12 na farko na turbar Burke-Gilman a kan wani tsohon layi.

Layin da ya bi gabashin tafkin Sammamish ɗan'uwan wannan ne, domin kamfani ɗaya ya shimfiɗa su, wanda Thomas Burke da Daniel Gilman da abokansu suka kafa a 1885. Layin ya isa garin da ake kira Issaquah yanzu a 1888, yana jigilar kwal da katako. Ya yi aiki sama da shekara 100, sa'an nan jirgi ya daina binsa a 1996. Wata ƙungiyar kare filaye ta saye shi a 1997, ita kuma gundumar King, wadda Siyatil da Sammamish duk suke cikinta, ta saya daga hannunta a 1998 a kan kuɗi kusan dala miliyan 3.

Wa Ke Da Ƙasar?

Samun zirin ƙasa a ido daban, tabbatar da mai shi a shari'a daban. A ƙarni na 19, kamfanonin jirgin ƙasa ta hanyoyi iri-iri suka sami filayensu. A wani wuri sun sayi ƙasar ɗungurungum, ta zama mallakarsu. A wani wurin kuwa iznin wucewa kawai suka samu, watau ƙasar tana nan ta mai gona, amma jirgi yana da ikon ratsawa muddin yana aiki. To, bisa dokokin jihohi da yawa, ran da aka watsar da layi, iznin ya mutu, fili ya koma ga magadan masu shi na asali ko waɗanda suka saya daga gare su. Kamar dai gonar aro ce: in mai aro ya daina nomawa, mai gona ya karɓi abinsa. Ta haka ziri ɗaya mai tsawon mil 10 yakan tarwatse ya zama ɗaruruwan gutsattsari, kuma babu mai iya sake haɗa shi.

Don maganin wannan, a 1983 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar turbobin ƙasa ta 1968 gyara. Gyaran ya ba da damar abin da za mu iya kira ajiyar layi. Maimakon a ce an watsar da layi, sai a ce an jingine shi ne har ran da za a sake bukatarsa don jirgi. Kafin wannan rana, wata hukuma ko ƙungiya tana iya riƙonsa ta yi turba a kai, bisa sharaɗin ita za ta ɗauki nauyin kula da shi. Tun da a idon doka layin bai mutu ba, iznin wucewa ma bai mutu ba. Masu filaye suka ga an yi musu dabara, suka kai ƙara. A 1990, a wata shari'a da ta taso daga jihar Vermont, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce dokar tana bisa ƙa'ida, amma wanda yake ganin an hana shi ƙasar da ta kamata ta komo masa yana iya neman diyya daga gwamnatin tarayya.

A ƙarƙashin wannan doka aka ajiye layin Sammamish a 1998. Duk da haka ba a huta ba. Masu gidaje sun yi ta shigar da ƙararraki, waɗansu suna neman diyya, waɗansu suna jayayya a kan faɗin filin da gunduma take da iko da shi. Lauyoyi suka koma suna tonon takardun cinikin da aka rubuta tun shekarun 1880, suna gardama a kan ko kalmomin da ke ciki sayarwa suke nufi ko izni. Har a 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya tana yanke hukunci a kan wannan batu, inda ta ba gunduma gaskiya. Darasin da ke nan shi ne, aikin lauya da na safiyo suna gaba da na injiniya. Turbar da aka zana ba tare da an tantance iyakokinta ba, gini ne a kan toka.

Maƙwabtan Turba

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk wanda ya ƙi turba mugu ne ko mai son kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gabashin tafkin Sammamish layin dogo ya bi dab da bakin ruwa, kuma cikin shekarun da jirgi ya ragu, mutane sun gina gidaje masu tsada a kewayensa. A wurare da dama layin ya raba filin mutum biyu: gida a wannan ɓangare, bakin ruwa da matsayar kwalekwale a wancan, ko kuwa gida a bakin ruwa, hanyar fita da mota ta tsallaka layin kafin ta hau titi. Waɗansu sun shuka itatuwa, sun kafa shinge, sun yi wurin ajiye mota a cikin filin layin, har suka saba da shi tamkar nasu. Jirgin da ke wucewa jifa-jifa bai dame su ba. Amma jama'a masu kai da kawowa daga asuba har magariba, ƙafa kaɗan daga tagar ɗaki, wannan wani abu ne daban.

Koke-koken maƙwabtan turba kusan iri ɗaya ne ko'ina: tsoron ɓarayi, tonon asirin gida, shara, faɗuwar darajar gida, da haɗarin karo a ƙofar gida. Waɗansu daga cikin waɗannan an auna su. A 1987 ma'aikatar injiniyoyi ta birnin Siyatil ta bincika abin da turbar Burke-Gilman ta jawo wa maƙwabtanta. Ba ta sami ƙaruwar fasa gidaje ko ɓarna da za a jingina wa turbar ba. Dillalan gidaje kuma suka ƙiyasta cewa gidajen da ke kusa da ita, ba manne da ita ba, sun ƙara daraja da kimanin kashi 6 cikin 100, waɗanda ke manne da ita kuwa darajarsu ba ta sauya sosai ba. A lura da wannan bambanci, domin shi ne zuciyar rigimar. Amfanin turba ya watsu a kan dubban mutane, kowa ya sami kaɗan. Takurarta kuwa ta taru a kan 'yan ɗaruruwa, kowannensu ya ji ta sosai. Su waɗannan 'yan kaɗan ne za su halarci kowane taro, su ɗauki lauya, su matsa wa kansilolinsu. Yaran da za su hau keke a kanta bayan shekara 10 ba su da wakili a zauren.

Akwai kuma batun hukumomi biyu a wuri ɗaya. Gunduma ce ke da zirin ƙasa, ita ke da kuɗin aiki, kuma idonta yana kan yankin baki ɗaya. Majalisar gari kuwa ita ke ba da iznin gini a cikin iyakarta, kuma masu gidajen bakin tafki su ne masu jefa mata ƙuri'a. Wannan ya bayyana a yadda aikin ya gudana. Ɓangarorin Redmond da Issaquah, inda gidajen da abin ya shafa ba su da yawa, su aka fara buɗewa. Tsakiyar, wadda take cikin Sammamish, sai a 2006 aka buɗe ta, ita ma da daɓen tsakuwa na wucin gadi, shekara 8 bayan sayen filin.

Layin Dogo Ko Gefen Titi?

A gefen layin, ta wajen tudu, akwai babban titin mota da ya bi tafkin daga Redmond zuwa Issaquah. Saboda haka tun farko waɗansu masu gidaje suka kawo shawara cewa a wuraren da layin ya ratsa filayensu, a karkatar da turbar ta hau gefen titin, in ta wuce gidajen ta sake gangarowa. A ido shawarar sulhu ce, kowa ya samu. Hukuma ta sa ta cikin hanyoyin da ta auna, amma daga ƙarshe ta zaɓi bin layin dogon. Yana da kyau mu duba irin ma'aunin da akan yi amfani da shi a nan, domin wannan tambaya tana tasowa a kusan kowace turba.

Tambayar farko ita ce, don wa ake yin turbar? Gwanin keke mai ƙarfin hali ba ya bukatarta sosai, ko cikin motoci zai kutsa. Waɗanda ake nema su ne yaro ɗan shekara 8, da tsohuwa mai sanda, da uwa mai tura keken jariri, da mai keken guragu, da ma'aikacin da yake son zuwa ofis a kan keke amma tsoron mota ya hana shi. Irin waɗannan mutane, wuri mafi muni a turba shi ke yanke musu shawara. In mil 10 lafiya lau ne, amma akwai rabin mil a gefen titi mai gudu, uba ba zai bar ɗansa ya bi ba. Na biyu, kowace karkata tana nufin hawa da gangara, an kuwa rasa babbar falalar layin dogo ke nan. Na uku, turbar da ke gefen titi tana cin karo da kowace hanya da ta shigo titin, direban da ke shirin shiga kuwa motoci yake duba, ba ya tsammanin keke daga ɗaya hannun. Na huɗu, faɗaɗa titi a jikin tudu yana bukatar yankan ƙasa da gina katangar tare ta, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Misalin abin da giɓi ke jawowa yana nan kusa. A unguwar Ballard ta Siyatil, turbar Burke-Gilman ta yanke na kimanin mil ɗaya da rabi a inda masana'antu da manyan motoci suke, an kuma shafe fiye da shekara 20 ana jayayya a kan ta inda za a haɗe ta.

Faɗi, Daɓe da Mahaɗa

Bayan an tsai da hanya, sai maganar awo. Ƙa'idar injiniyoyin hanyoyi na Amurka ita ce turbar da masu ƙafa da masu keke za su yi tarayya a kanta, masu zuwa da masu komowa, kada faɗinta ya gaza ƙafa 10, inda jama'a ke da yawa kuma a kai shi 12 zuwa 14. Hawanta kuma kada ya wuce ƙafa 5 cikin 100, saboda masu keken guragu. Dalilin faɗin a fili yake: mutum biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, mai keke yana son wuce su, wani kuma yana tahowa daga gaba. A Sammamish an yi kwalta mai faɗin ƙafa 12, da kafaɗar tsakuwa ƙafa 2 a kowane gefe, da sarari ƙafa 1 bayan wannan, jimla ƙafa 18. Tsohon gadon layin bai kai haka faɗi ba a wurare da yawa, don haka kowace ƙafa da aka ƙara ta ci shingen wani ko itacen wani. Shi ya sa faɗin kansa ya zama abin gardama har ƙarshe.

Daɓe ma zaɓi ne mai ma'ana. Tsakuwa tana da araha, masu gudu da masu yawo suna sonta, tana kuma rage gudun keke. Amma tana wahalar da keken guragu, ruwa yana zaizaye ta, ga shi yankin Siyatil wuri ne mai yawan ruwan sama. Kwalta ita ke mai da turba hanyar zuwa aiki ta kowace rana, rani da damina.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne mahaɗa, inda turba ta gitta hanyar mota. Abu biyu ake dubawa a nan. Na ɗaya, kowa ya iya hango kowa tun daga nesa, wanda ke nufin sare shuke-shuke da rage tsawon shinge a kusurwoyi. Na biyu, wa zai tsaya wa wani? Mai keken da aka tilasta wa tsayawa a kowace ƙofar gida, ƙarshenta zai daina kula da allon tsayawa, ran da ya iso mahaɗa mai haɗarin gaske kuwa sai ya wuce a guje. Don haka akan bar wa hanyar da ta fi yawan jama'a ikon wucewa. A 2017 wannan magana ta kai gundumar King da majalisar Sammamish gaban alƙalin tarayya, a kan allunan tsayawa a mahaɗa biyu. Majalisa tana son masu turba su tsaya, gunduma tana son motoci su tsaya. Alƙali ya goyi bayan gunduma, aiki ya ci gaba.

Ruwa, Kifi da Kuɗi

Turba ba ta da hayaƙi, amma gininta yana taɓa ƙasa da ruwa. Rafuka da dama suna gangarowa daga tudun Sammamish su bi ta ƙarƙashin layin su faɗa tafki, akwai kuma fadamu a gefensa waɗanda doka ta hana a cike su ba tare da an maye gurbinsu ba. A cikin tafkin akwai wani kifi da ake kira kokani, dangin kifin salmon, wanda ba ya zuwa teku, sai dai ya hau waɗannan rafuka ya yi ƙwai. Yawansa ya ragu ƙwarai, kuma ƙananan kwalbatocin da aka sa tun zamanin jirgi suna cikin abubuwan da ke tare masa hanya. Da aka zo ginin turba sai aka sauya da dama daga cikinsu da manya waɗanda kifi zai iya ratsawa. Wannan ya ƙara kuɗi da lokaci, amma ya gyara ɓarnar da ta daɗe.

Kuɗin irin wannan aiki ba ya samuwa a tashi ɗaya. Yakan fito ne daga harajin wuraren shaƙatawa da mutanen gunduma ke amincewa da shi ta hanyar ƙuri'a, da gudummawar jiha da ta tarayya. Saboda haka akan gina shi daki-daki, a fara da inda ba gardama. An gama kwaltar ɓangaren Redmond a 2011, na Issaquah a 2013, arewacin Sammamish a 2015, wani yanki na kudancinsa a 2018. Yanki na ƙarshe, mil 3 da rabi da 'yan kai, wanda ya fi kowane matsi da rigima, sai a watan Oktoba na 2023 aka buɗe shi. Hikimar wannan tsari ita ce gani ya kori ji. Duk yankin da aka buɗe yakan haifar da masu amfani da shi, su kuma su zama masu neman a ƙarasa sauran.

Da aka ƙarasa, mutum yana iya hawa keke daga Issaquah, ya bi gefen tafki zuwa dandalin Marymoor a Redmond, ya kama turbar kogin Sammamish, ya shiga Burke-Gilman har cikin Siyatil, tafiyar da ta kai wajen mil 44, kusan dukanta ba tare da ya yi gogayya da mota ba. Sai dai akwai sauran aiki ga garin kansa. Turbar tana gindin tudu, yawancin mutanen Sammamish kuwa suna samansa. In babu ƙananan hanyoyi masu aminci da za su sauko da su, sai mutum ya ɗora kekensa a mota kafin ya je hawan keke. Turbar yanki tamkar kogi ce, ba ta cika sai da rafukan da ke zuba a cikinta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa tsara turba ta cikin garin gefen birni ya ƙunshi neman ziri mai ɗorewa, da tantance mallakarsa, da sauraron maƙwabta ba tare da an sayar da haƙƙin waɗanda ba su halarci taro ba, da auna kowace hanya da ma'aunin mafi rauni daga cikin masu binta. Aikin kwalta shi ne mafi sauƙi a ciki.

Babban abin lura shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Garin Houten da ke gefen birnin Utrecht a ƙasar Holan, tun lokacin da aka tsara faɗaɗa shi a shekarun 1970 aka sa hanyoyin keke su ratsa tsakiyar unguwanni, mota kuwa sai ta fita titin da ya kewaye garin kafin ta shiga wata unguwa. Can ba a bukaci shekara 25 na shari'a ba, domin an ware filin tun ba a kafa tubali ba. Mu ma a nan muna da namu ziraran: burtalai da labuka, da bakin rafuka, da tsofaffin layuka irin na ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. A gefen biranenmu kullum ana yanka sababbin filaye, kuma masu zuwa makaranta da kasuwa da wurin aiki a ƙafa ko a keke ba su da kaɗan. Ƙafa 18 da za a keɓe musu yau a bisa taswirar safiyo ba za ta ci kuɗin kirki ba. In aka bari har aka gine wurin, sai an rushe gidan wani kafin a same ta.